Tsoho Tanko Gyartai da Baƙon Hannunsa

Duk wanda ya tashi a gidanmu, can ƙauyenmu na bayan Yako, kansa ya sha ƙwanƙwasa. Ka durƙusa gai da kakanmu Malam Tanko Gyartai, kafin ya amsa sai ya lanƙwasa ɗan yatsa ya buga maka ƙwas a tsakar ka, ya karkata kunne yana saurare, kamar dai yadda yake yi wa ƙwaryar da aka kawo masa ɗinki. Wai kan da ya tsage ba ya iya ɓoye ƙararsa. Ni kuwa duk ranar da ya buga nawa sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan da tsaga, amma ta ciki ce, basilla ba ta kaiwa can." Ka ce masa ka kwana lafiya, ya ce, "Wa ya gani?"

Ba don in ba ku dariya kawai na zauna rubuta wannan ba. A zaman makoki na ji da kunnena ana raɗa a bayan rumbu, wai Tsoho ya taɓu a ƙarshen ransa, wai ya koma ga Allah yana alwala da hannu ɗaya. Gwaggo Asabe, da ke nake, kuma ba ke kaɗai ba. To ni ce na riƙe masa buta tun daga ranar da ya kwanta har ranar da aka fita da shi, don haka ku bari in faɗa muku yadda aka yi. Amma ku fara tuna wane ne mutumin. Tun yana da lafiyarsa, yaushe ya taɓa karɓar magana bai juya ta ya duba gindinta ba?

Waɗanda suka san rumfarsa a kasuwar Kiru, gindin tsamiya, za su tuna da Bafulatanar nan da ta zo daga wajen Falgore da babbar ƙwaryar nono, ta tsage tun daga baki har tsakiya.

Ta ce, "Baba gyartai, nagge ce ta harbe ta."

Tsoho ya karɓa, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ɗaga ta saitin rana. Ya sa farce ya zaro wani abu daga tsagar.

"Saniyar nan taki, tana sa hula?"

"Wace irin hula kuma, Baba?"

"Ga zaren hula nan maƙale. Maigidan naki yana lafiya?"

Matar ta ja gefen zane ta rufe baki. Can ta ce, "Da sauƙi. Kumburin ya fara sacewa."

"To zan ninka ɗinkin," in ji Tsoho. "Na ga alama ƙwaryar nan ba ta gama aikinta ba."

Ko shekarar da masu duba wuya suka zo, saboda ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa daga bakin daji. Aka jera mu maza da mata a ƙofar gari, wani ma'aikaci cikin kaki yana bi yana latsa wuyan kowa. Kowa ya miƙa wuya kamar rago. Da aka zo kan Tsoho sai ya cafke hannun mutumin.

"Me kake nema a nan?"

"Kaluluwa, Baba. Ciwon yana shiga jini ya hau ƙwaƙwalwa, mutum ya yi ta barci har ya mutu."

"To kai wa ya duba naka?"

"Ai ni ma'aikaci ne."

"Ƙudan ya san haka?"

Wallahi sai da ya sa mutumin nan ya cire hular kwano, ya lallatsa masa wuya hagu da dama, ya ƙara masa da ƙwas ɗaya a ka, sannan ya yarda aka taɓa nasa. Da aka ce ba shi da komai bai yi murna ba. Sai ya nuna maƙwabcinmu Mati da haɓa ya ce, "In da gaske kuke, ga wanda za ku tafi da shi. Tun saukar damina yake barci, ciyawa ta cinye masa gona."

Ni kuwa na fi kowa shan bincike, don ni aka kai makarantar 'yan mata a Kano, kuma bai taɓa yarda karatu ake yi a can ba. 'Yar Boko yake kira na, ni kuma in ce masa Tsoho, ba mai jin haushi. Duk hutu sai ya zaunar da ni a bakin rumfa ya ce, "To me aka koya miki wanda ba mu sani ba a nan?" Wani hutu, da rawar kaina, na ce yau zan rufe masa baki. Na gaya masa Baturiyar da ke koya mana ta nuna mana fatar albasa a madubin likita, mun ga 'yan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma, kuma ta ce jikin mutum ma haka yake. A kowane ɗaki akwai wani siririn zare a naɗe, shi ke ɗauke da kamannin iyaye. In ɗaki zai rabu biyu sai zaren ya kwafi kansa, kowane ɗaki ya tafi da nasa. Na ce, "Ta haka na samu wannan hancin naka, ba don ina so ba."

Ya ajiye basilla. "Ya kwafi kansa. Wa ke tsaye a kansa?"

"Ba kowa."

"Ba kowa! Ni da ido biyu nake ɗinki, kuma sai na koma na duba. Tun daga Annabi Adamu ake ta kwafa, ba mai dubawa, kuma har yau hanci bai koma ƙeya ba? Ƙarya ne. Akwai gyartai a ciki. Ki koma ki tambaye ta."

Don in huta na tambaya. Matar ta ce ba a daɗe da gano siffar zaren ba ma, batun kuskure da gyaransa kuwa, masana a ƙasarsu suna kan bincike. Da na kawo masa amsar sai fuskarsa ta washe, abin da ba kasafai ake gani ba.

"Suna bincike? Madalla! Ashe akwai masu hankali a cikinsu. Ki ce su fara da kunnuwan Mati, a nan ne gyartan ya yi gyangyaɗi. Astagfirullah."

To wannan mutumin ne, bayan girbi, da hantsi, yana zaune a zaure yana ɗinki, ƙwarya ta suɓuce masa daga hannun hagu, baki ya karkace, ya kife. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bakin ya dawo da wuri, ban sani ba ko mu gode ko mu yi kuka. Ƙafa ta riƙa jan ƙasa. Hannu kuwa shiru. Lokacin na gama makaranta ina zaune a gida, sai aikin jinya ya faɗo kaina.

Wata safiya na shiga da koko ya ce, "'Yar Boko, wa ya kwanta a gefena?"

"Ba kowa."

"To hannun wa ne wannan a kan cikina?"

Na tuntsure da dariya. Shi bai yi ba. Da ɗan yatsa biyu ya ɗaga hannun kamar mushen ɓera, ya sake shi ya faɗi. Ya ce, "An musanya mini."

Ku fahimce ni da kyau, masu cewa ya taɓu. Ya san sunan kowane jika. Ya san akuyar da ta ci masa dawa a shanya. Karatunsa bai zame ko harafi ba. Abu ɗaya ne tak ya ƙi: hannun nan ba nasa ba ne.

A kan Mati tuhumarsa ta fara sauka, ba sai an faɗa ba. Ya sa aka kira shi, bawan Allah ya zo da sallama da 'yar fura a ƙoƙo.

"Ajiye. Ɗaga hannuwanka."

Mati ya ɗaga.

"Biyu," in ji Tsoho. Ya ƙare musu kallo. "To ina ka samo na biyun?"

Na kama shanyayyen hannun na juya masa, na nuna masa tabon da basilla ta yi masa a gindin babban yatsa, wanda shi da bakinsa ya ba mu labarinsa har mun gaji. Ya duba, ya sake dubawa. "Lallai ɓarawon nan gwani ne. Har tabo ya kwaikwaya."

Babanmu ya hau keke ya ɗauko malamin asibiti daga Kiru. Mutumin kirki ne, ya zauna ya yi bayani a tsanake. Ya ce jijiyoyi kamar wayar tangaraho suke, daga ƙwaƙwalwa suke kai saƙo hannu su dawo da amsa. Wata hanyar jini ce ta toshe a cikin kan Tsoho, sai wurin da ke karɓar labarin hannun hagu ya daina karɓa. Wani lokaci yakan gyaru, wani lokaci a'a, likitoci ma ba su gama sanin dalili ba.

Tsoho ya ce, "Na ji. Waya ta tsinke. To don waya ta tsinke sai a aiko mini da hannun wani?"

Duk wannan abin dariya ne, mun kuma yi. Inda dariya ta ƙare wajen alwala ne. Ina zuba ruwa ina cuɗa masa na dama, shi kuma ya kamata ya cuɗa na hagun da na daman, sai ya tsallake ya wuce shafar kai. Babanmu ya kira Liman.

"Malam Tanko, alwala ba ta cika sai an wanke duka biyun."

"Na wanke iyakar wanda nake da shi. Wanda aka yanke wa hannu, yaya yake yi?"

"Yakan wanke abin da ya saura."

"To."

"Ai naka ba a yanke ba."

"Ba a yanke ba, an musanya. Kai, Liman, tsakani da Allah, ka taɓa yi wa hannun wani alwala?"

Liman ya fita yana salati. Babanmu ya gwada ƙarfi, ya danne hannun ya ce in zuba. Tsoho ya sa ƙafarsa mai lafiya ya yi fatali da butar, ya ce an cakuɗa masa alwalarsa da ta baƙo, sai an sake. Ranar har la'asar ta kusa kuɓuce masa.

Amma ni na ga abin da ba ku gani ba. Bayan ya sallame, ba ya saurin shafa addu'a kamar da. Yakan zauna ya zuba wa ƙasa ido. Rannan ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "'Yar Boko, sallar nan tawa tana hawa kuwa?" Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuhumar jama'a ya koma tuhumar sallarsa, kuma wannan ya fi ciwon cin sa. Tuwo ya daina wucewa. Sai kuma ya aika a kira wanzami. Ya yi lissafinsa tsaf: tunda Liman ya ce mai yankakken hannu alwalarsa ta cika, a cire wannan kowa ya huta. Wanzami ya ji abin da ake nema, ya tattara zabirarsa ya gudu ko takalmi bai gama sawa ba. Muka kwashe wuƙaƙe da basilla da lauje muka kai gidan Mati.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Ranar da abin ya kai ni wuya da azahar ne, ina tsugune da buta, rana tana dukan ƙeyata, ya sake tsallakewa. Na dire butar.

"To na ji! Ba naka ba ne. Na yarda, na wani ne."

Babanmu daga bakin ƙofa ya ce, "Ke! Ba ki da hankali?"

Tsoho kuwa ya zuba mini ido. Tun da ya kwanta ba wanda ya taɓa ba shi gaskiya, sai ya rasa ta inda zai kama faɗan.

Na ce, "Amma a wurinka aka bar shi, ko ba haka ba? Kayan mutane ne a hannunka. Dube shi. Dauɗa har gwiwa, farce kamar na shaho, yana tsami. Ranar da mai shi ya zo karɓa, haka za ka miƙa masa? A ce an bar amana wurin Tanko Gyartai ya mayar da ita haka?"

Ya dubi hannun. Ya dube ni. Ya kanne ido ɗaya.

"Dabara ce wannan."

"Dabara ce mana."

"Na sani. Tun kina buɗe baki na gane." Ya ja tsaki. "Amma fa da gaske yana tsami. Zubo ruwan."

Ya ɗora hannun a cinya, ya wanke shi tun daga yatsu har gwiwa, sau uku, yana cuɗawa, yana bin tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, wankin da bai taɓa yi wa na daman ba. Ya shafi kai, na wanke masa ƙafafu, ya fuskanci gabas a zaune ya kabbarta. Da Liman ya ji labari ya ce ruwa ya kai inda aka ce ya kai, alwala ta cika, sauran kuma tsakaninsa da Ubangijinsa.

Daga ranar bai sake tsallakewa ba, ko sau ɗaya, har ya bar duniya da damina. Wannan nake so ku kai bayan rumbu ku faɗa. Bai taɓa cewa hannun nasa ne ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma shi ke sa in yanke masa farce, shi ke shafa masa man shanu, in an yi sanyi shi ake fara lulluɓewa. In ya zame daga cinya ya ce, "Kai baƙo, zauna wuri ɗaya."

Ana gobe zai rasu, da yamma, ya kira Babanmu, ni ina gefe ina masa fifita. Ya ce, "Mai shi dai bai zo ba. In an zo wankana ku wanke shi da kyau, ku sa mu a likkafani ɗaya. Mun zauna tare, bai taɓa ɗaukar mini ko tsinke ba, bai taɓa kai maganata waje ba. Duk garin nan shi kaɗai ne ban kama da laifi ba."

Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya karɓi sallolinsa, na tsaye da na zaune, Ya yafe masa tuhumar da ya yi wa bayinSa, Ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Allah Ya tashe shi da hannuwansa biyu lafiyayyu, Ya kuma sanyaya masa zuciya har ya yarda nasa ne. Amin.