Majiyata Ta Biyu a Hanyar Deule

Wannan abu da ni ya faru shekarun baya, lokacin da na gama jami'a na kama koyon aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Madawa. Wallahi ba ƙirƙira ba ce, ko da yake ni kaina ba zan ce muku na gane shi ba.

Shef ɗinmu, wato shugaban sashen labarai, yana da doka: labari ba ya hawa iska sai majiya biyu da ba su san juna ba sun faɗe shi. Ni kuwa mai fargabar kuskure ne, ko sunan gari sai na yi ta tambaya.

Wata safiya a farkon damina, wani direba a tasha ya ce mini can arewa wurin haƙar zinariya rami ya rufta da wani saurayi mai suna Illa, ɗan wani ƙauye kusa da Deule. Direban bai ga gawa ba, ji ya yi. Shef ya ce, "Tahi ka biɗo ta biyu. In munka kashe ɗan mutane yana raye, uwatai ba ta yahe muna."

Na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen su Illa, muka wuce Buza, sai taya ta yi faci a wani kwari, mai babur ya tura abinsa neman mai gyara, ni kuma na fake a gindin gawo kusa da wata rijiya, rana tsaka. A nan na ga wani mutum zaune yana wanke ƙafa, tufafinsa duk jar ƙasa, har cikin gira. Ya dubi na'urar ɗaukar magana da ke hannuna ya yi dariya.

"Ɗan jarida, mi kaka biɗa cikin wagga rana?"

Na gaya masa, na nemi izni na kunna na'ura.

"Illa na Inna Tamo? Gaskiya ta, ya rasu."

"Da idonka ka gani, ko kai ma ji ka yi?"

"Ina cikin ramin," in ji shi.

Na ɗauka cikin waɗanda suka tsira ne. Na nemi sunansa, ya ce, "Ku dai da son suna!" Sannan ya daina dariya. "Amma kada ta ji a rediyo. Tahi ka hwaɗa mata da bakinka. Ka ce a shuka gonar tudu, kada a jira shi."

Allah ya yafe mini, har murna na yi, na samu majiya ta biyu.

Da mai babur ya dawo muka ƙarasa ƙauyen, na iske Inna Tamo, mahaifiyar Illa, a tsakar gida tana gyaran irin hatsi. 'Yar tsofaffin gidajen Arna ce, da carbi a wuyanta. Na gaishe ta, na yi ta kame-kame, sai kawai na kunna mata na'urar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in maido. Na maido.

"Ɗana, ina ka gamu da shi?"

"Rijiyar kwari, Inna. Kin san shi?"

"Ni na haihe shi."

Subhanallahi! Na ce wataƙila kama ce ta murya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko hoto, na duba, sai ga mutumin nan na bakin rijiya. Ita kuwa babu tsoro a fuskarta, hawaye kawai. Ta ce, "Mutanen gidanmu ba su tahiya ba sallama." Ta ci gaba da gyaran irinta.

Da na koma, shef ya ce, "Majiya biyu?"

"Biyu ne, ina jin."

"Wa ta biyun?"

"Mai abin."

Ya saurari na'urar, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ba mu sa labarin ba sai da abokan tafiyar Illa suka dawo suka tabbatar. A lissafinsu, an binne shi tun kafin ranar da taya ta yi faci. Lokacin da suka dawo kuwa hatsin gonar tudu har ya tsiro.

Na bincika, ba shi da ɗan tagwai, ba shi da ƙane mai kama da shi. Mai babur ya ce ni kaɗai ya tarar a gindin gawon. Wataƙila akwai bayani, ni dai ban same shi ba.

Shawarata gare ku, in mutum ya ce muku yana wurin da abu ya faru, kada ku tsaya a nan. Ku tambaye shi yadda aka yi ya fito. Ni ban tambaya ba, kuma har yau ina tunanin abin da zai ce.