Mijinyawa Ba Shi da Tukunya

Lokacin da nake takabar Malam Alim, kullum na idar da sallar asuba na leƙa ƙofa, sai in tarar da bokiti biyu cike da ruwa. Famfon unguwarmu yana can gangare, kafin gari ya waye layi ya kai bakin titi. Wata huɗu da kwana goma ba a fasa ba, kuma ba a taɓa yin sallama ba. Sai da na fita takaba maƙwabciyata Jaratu ta gaya mini Mijinyawa ne. Da na yi masa godiya ya ce ai hanyarsa ce. Bai yi ƙarya ba, don duk unguwarmu ta Briketeri babu lungun da ba hanyar Mijinyawa ba.

A nan aka haife shi. Ubansa ya zo daga Kano da fataucin goro, ya rasu bai bar ko ɗaki ba. Mijinyawa ya tashi ƙafarsa ba ta san zama ba. Ya yi dako a kasuwar Mokolo, ya kora shanu zuwa Etudi, ya riƙe tukubar tsire wata uku ya bar ta, wai tsayuwa wuri ɗaya tana sa masa ciwon kai. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta gaji da ɗumama tuwo ta koma gidansu a Nkomkana. Daga baya ya kama gyaran fitila da risho, saboda sana'ar yawo ce. Kwanansa a shagon Mohaman Bello tela, a kan teburin yanka. Abinci kuwa, inda azahar ta same shi.

Abu ɗaya ke cinsa, kalmar baƙo. An taɓa kama shi a unguwar Madagaskar ranar kamen marasa takarda, ya kwana uku a tsare, wani ɗan sanda ya ce ya koma ƙasarsu. "Wace ƙasa?" in ji shi duk sanda ya tuna. "Cibiyata tana binne a bayan masallacin nan." Tun daga ranar 'yan majalisar shagon tela suka samu abin tsokana. Da ya shigo sai su ce a ba baƙo kujera, shi kuma ya fice ko shayinsa bai sha ba.

Shekarar da gwamnatin Ahidjo ta fito da ƙidaya, aka turo mana wani malamin makaranta, mutumin kudu, da katon littafi da alli. Muna ce masa Misye. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci, gidajenmu kuma namiji ba ya faɗa musu kai tsaye. Mai unguwa ya nemi wanda zai raka shi, kowa ya nuna Mijinyawa. Faransancinsa na kasuwa ne, amma ya san kowace ƙofa da halin mai ita.

Ya ɗauki aikin kamar an naɗa shi sarauta. Yana gaba, Misye yana haki a baya, jar laka har idon sawu don damina ta kankama. Shi ke yin sallama, shi ke cewa mata su sa mayafi, shi ke juya tambayoyi zuwa Hausa. Ina kuke ɗiban ruwa? Fitila kuke kunnawa ko lantarki? Masai naku ne ko na haɗaka? Me maigida yake yi? In an gama, Misye ya rubuta lamba a ƙofa da alli.

A rana ta biyu aka samu tangarɗa. Misye ya ce shi ba gida yake ƙirgawa ba, tukunya yake ƙirgawa. Mijinyawa ya juya maganar yadda ya ji ta. Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa gwamnati za ta sa wa tukwane haraji. Da suka iso wurin Jaratu, madafinta fayau, sai ƙaramar tukunya guda.

"Jaratu, ke da kike dafa wa mutum goma sha ɗaya, wannan ce tukunyarki?"

"Ita ce. Sau uku nake ɗorawa."

"To waccan da ke leƙowa daga ƙarƙashin gado fa?"

"Ta aro ce. Kai dai juya abin da na faɗa, ɗan rakiya."

Sai da Misye ya zauna ya yi bayani da hannu da zane a ƙasa. Ba ƙarfen ake nufi ba, bakunan ake nufi. Duk waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya, su ne mutanen gida ɗaya a littafin, shafi ɗaya. Mijinyawa ya sake bin gidaje yana gyara ɓarnar bakinsa, yana dariya.

A gidaje da yawa, in an zo lissafin masu ci, matar gida takan ce, "Sai kuma wannan da ke tsaye, yakan zo." Misye ya tambaya, kullum? A ce a'a, jefi-jefi. Mijinyawa ya juya da bakinsa, a wuce. Bai kawo komai a ransa ba.

Ranar da suka gama ƙofar ƙarshe ya goge hannu a riga ya ce, to, saura shi.

Misye ya tambayi inda yake kwana. Shagon tela yana tsallaken titi, rabon wani mai littafin ne, an gama can tun shekaranjiya, kuma Mohaman Bello ya manta da shi. Ya tambayi tukunyarsa. Mijinyawa ya fara lissafi: Litinin wurin Jaratu, Talata Etudi in an yi yanka, Laraba duk inda risho ya lalace. Misye ya ɗaga alƙalami ya ce abu mai sauƙi ne, akwai gurbin wanda ƙidaya ta tarar a gidan da ba nasa ba. Ya faɗi kalmar da Faransanci. Wannan karon babu wanda Mijinyawa zai juya wa. Baƙo.

Misye ya rantse masa littafin ba katin shaida ba ne, ba wanda zai kama shi ko ya sake shi saboda shi. Mijinyawa ya ce ya ji. Amma unguwar da ya shigar da ita littafi ƙofa-ƙofa, a ce shi ne baƙonta? Gobe da hantsi za a mayar da littafin ofis.

Yinin nan bai zauna ba. Aka gan shi a famfo, aka gan shi a bakin masallaci, ya je Mokolo ya dawo bai sayi komai ba. Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofata. Ya san shafina, shi ya juya shi: mace ɗaya, tukunya ɗaya, sauran layuka fari fat.

"Yaya Zara, in Misye ya zo ki ce a wurinki nake ci."

Na ce masa daga bayan labule ba zan faɗi abin da ba haka ba, ko a gaban wanda ba ya jin harshena. Sai na ji takalminsa ya bi gangare.

Washegari da sassafe ya dawo, Misye yana biye. Ya ajiye ɗaurin itace da sabon kwano a bakin ƙofa, ya yi magana. Da na amsa, Misye ya buɗe shafina ya rubuta shi a layi na biyu. Da aka zo gurbin sana'a ya lissafa shida, aka ce ɗaya ake so, ya zaɓi fitila.

Shekara tara kwanon nan yana fita zaure kowace azahar, har Allah Ya karɓi abinSa. Bai daina yawo ba, sau da yawa a tsaye yake ci, amma ko daga Etudi ne sai ya dawo. Abin da ya ce mini da safiyar nan, yana kallon ƙasa, shi ne:

"Yaya Zara, ban ce ki yi ƙarya ba. Daga yau ki riƙa ƙara hannu ɗaya na gari a tukunyarki, ni kuma zan riƙa zuwa. Kin ga abin da zai rubuta ya zama gaskiya."