Almakashi a Kan Tebur

Ka taɓa farke kujerar kushin ka ga abin da ke cikinta? Ni na sha gani, domin sana'ar yayana ke nan, kuma shagona na yadin kujeru manne yake da nasa. Za a kawo kujera tana sheƙi kamar ta ofishin manya, ya sa almakashi a ɗinkin ƙasa, sai ga tsummokara da kwali da buhun siminti, wata rana har da tsohon silifas. Wata kuma a kawo ta duk ta koɗe, a farke a tarar da soso mai kyau da lafiyayyen katako.

Mai Kujeru ake ce masa, kuma abin dariyar shi ne ba ya zama. Kujeru goma sha ɗaya na ƙirga a shagonsa ran nan, yana tsakiyarsu yana cin abinci a tsaye. A coci ma bencin ƙarshe yake zaɓa don ya samu damar miƙewa. Matarsa takan ce da a tsaye ake barci, da tuni ya sayar da gadonsu.

'Ya'yansa huɗu, kuma su ne suka hana shi sukuni. Yakan ce a da sai yaro ya fita yake gamuwa da duniya, yanzu kuwa duniyar ce ke kwana a aljihunsa. Amma bai bi hanyar da yawancinmu muke bi ba, ta ƙwace waya da tsawa. A gidansa ba a hanawa, farkewa ake yi.

Ga yadda abin yake. Duk yaron da ya ci karo da waƙa, ko bidiyo, ko talla, ko wata maganar abokai da ta tsaya masa a rai, sai ya ɗauko babban almakashin babansa ya ajiye a kan teburin cin abinci. Da an gama ci, kowa ya san akwai zama. Tambayoyi uku ne kacal. Da me aka lulluɓe abin a waje? Me aka cusa a ciki? Me Littafi Mai Tsarki ya ce a kan abin da ke cikin? Yaron ne zai amsa, ba uban ba, kuma shi zai buɗe Littafin ya nemo wurin da hannunsa, ko da zai kai gobe yana nema.

Na halarci zaman da ɗansa na biyu ya kawo wata waƙa da ke tashe. Yaya ya ce a kashe kiɗan, a faɗi kalmomin a hankali kamar ana ba da saƙo. Yaron ya yi baitin farko lafiya, ya shiga na biyu, ya kalli uwarsa, ya tsaya cak.

"Ci gaba mana, sarkin rawa," in ji uwar. "Ai ɗazu da ƙarfi kake yi a banɗaki."

"Mama, na manta."

"Ka manta, ko kunya ce ta dawo daga tafiya?"

Kada ka ɗauka komai faɗuwa yake yi. Cikin waƙoƙi talatin da na ƙirga sun hau teburin nan, goma sha tara sun tsira, kuma ba duka ne na coci ba. Har wata waƙar coci ta faɗi, wadda ke alkawarin mota ga duk wanda ya fi kowa rawa. Yaya ya ce, "Ba zan bi su makaranta ba, ba zan bi su gidan aure ba. In na hana, idona za su ji tsoro, kuma idona ba ya zuwa ko'ina. Hannunsu nake so ya iya almakashi."

To, sai aka zo kan babbar 'yarsa, wadda muke kira Kanari saboda muryarta. In ta ja waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, har masu gyangyaɗi farkawa suke yi. Wani mai haɗa tallace-tallace ya ji ta, ya nemi ta rera masa waƙar tallan wani man shafawa mai sa fata ta yi fari. Ni na fara ji, don ya zo shagona sayen yadin da zai rataya a bayan masu ɗaukar hoto, yana ta yabon ɗiyar yayana. Na leƙa na gaya wa Yaya.

Mutumin da ya kafa dokar farkewa, ran nan ya manta da ita. Ya ajiye guduma, ya nufi gida da ƙurar soso a kansa, ya karɓe wayar Kanari ba tare da tambaya ko ɗaya ba, ya dawo ya kulle ta a akwatin kayan aiki.

"Yaya, ina almakashin?" na ce.

"Wannan ya wuce almakashi."

Gidan ya yi tsit. Kanari ba ta yi gardama ba, kuma hakan ya fi gardamar muni. Tana gaida shi, tana wanke-wanke, amma ko raha ba ta yi, balle waƙa. Ran Lahadi ta zauna cikin jama'a, ba ta hau wurin mawaƙa ba. Ƙannenta ma suka daina kawo komai kan tebur. Na ga ɗansa na uku yana kallon wani abu a wayar abokinsa a bayan shagona, da ya hango ni sai ya tura ta cikin riga. A gidan da ba a taɓa ɓoye-ɓoye ba!

Shi kuwa Yaya sai kai da komo. Ya shiga shagona, ya fita, ya dawo ya tambaye ni ina wani yadi, alhali yana hannunsa. Ya lulluɓe kujerar wani malamin makaranta, furannin yadin suna kallon ƙasa, dole ya cire ƙusoshin duka ya sake. Na ce, "Yaya, wayar ka kulle ko yarinyar?" Ya harare ni. Ya san abin da ke shirin kuɓuce masa ba talla ba ne. In Kanari ta koyi ɓoyewa, teburin ya mutu, sauran ukun kuma bayanta za su bi.

Ran Asabar da rana sai ga ta a shago. Ta wuce ni, ta wuce kujerun, ta zare babban almakashin daga ƙusar da yake rataye, ta ajiye a kan teburin yanka a gabansa.

"Baba, na kawo abin farkewa."

"Tallan ne?"

"A'a. Ƙwace wayar."

Na yi kamar ina auna yadi, amma kunnena yana can.

"Da me aka lulluɓe shi a waje?" ta ce. "Ni zan amsa, ai doka ce. Da ƙauna. Kana so ka tsare ni. Yadin yana da kyau, Baba, ban musa ba. Me aka cusa a ciki?"

Ya ɗauki guduma, ya ajiye. Ya share hannu a wando.

"Tsoro," ta ce. "Kuma ba ka yarda cewa abin da ka koya mini ya zauna ba."

Ta fito da ƙaramin Littafinta daga jaka, ta buɗe inda ta sa tsinke, inda aka umarci 'ya'ya su yi wa iyaye biyayya. Ta ce wannan nata ne, shi ya sa ba ta ɓalle akwatin ba ko da yake ta san inda mabuɗin yake. Sai ta sauke yatsa ƙasa kaɗan, inda aka gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Ta juya masa Littafin.

Abin da ban taɓa gani ba ya faru: Yaya ya zauna. A kan kujerar da ba a gama ba, ƙarafan sifirin na cikinta suna sukarsa, ya zauna ya karanta.

"Uwata," ya ce, don haka yake kiranta in ta kama shi, "kin farke ni har katako. Ki yafe mini."

Ya buɗe akwatin ya miƙa mata wayar, duk ta kwashi ƙurar katako. Sannan ya ce, a hankali, "To, tallan fa?"

"Ai ranar da ka karɓe wayar nake shirin kawo shi tebur. Waƙar tana da daɗi, Baba, har yanzu tana yawo a kaina. Amma abin da ke ciki shi ne, fatar da Allah ya ba ni kuskure ce da za a gyara da kwalba. Ni kuwa na karanta cewa da ya gama halitta ya duba, ya ga ta yi kyau. In na rera, ƙanwata ce za ta fara saya."

Ta kira mai tallan a gabanmu, ta tambaya ko zai yarda a canza kalmomin. Ya yi dariya, ya ce masu murya sun yi yawa a gari, ya kashe waya. Kanari ta zauna a kan tulin soso ta yi kuka sosai, don ta so a ji muryarta a rediyo, kuma har yau ba a sake kiranta ba. Uban bai yi mata wa'azi ba. Ya tsaya kusa da ita yana juya almakashi a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba.

Da yamma na ukun nan, mai tura waya cikin riga, shi ya karɓi almakashin ya kai tebur.

In kana da yara a gida, ka gwada a makon nan. Ba sai almakashi ba, ko cokali ne ya isa. Tambayoyi uku, Littafi a buɗe, yaron ya amsa da bakinsa. Sai dai ka shirya, don wata rana kai za a ɗora a teburin. In ranar ta zo, don Allah ka nemi kujera ka zauna.