Rebeka Mai Kunun Madara

Rebeka ta zo Jalingo daga Sunkani a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba, da tukwane biyu da labarin Indiyawa. Tun tana budurwa ta yi wa wani malamin makaranta Ba'indiye girki, matarsa ta koya mata maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Ayurbeda. Ta kafa tebur a unguwar Turaki, daura da nawa. Ni Godiya zobo da ruwan tsamiya mai sanyi nake sayarwa, ita kuma kunun madara mai ɗumi da dabino da man shanu. Da farko a yatsun hannu ɗaya nake ƙirga masu tsayawa wurinta. Kafin damina ta wuce sai da na haɗa da na ƙafa.

Ba ta talla. Hannun mutum take kamawa, ta shafa fata, ta duba jijiya. A abin da aka koya mata, jini daga abincin da ya narke a ciki yake samuwa. In ya ragu, sai fata ta bushe, jijiyoyi su saki, mutum ya riƙa kwaɗayin tsami da sanyi. Tsami da sanyi kuwa su ne sana'ata.

Ƙanwata Lois tana da ciki a lokacin, ta kuma yi mini alkawari in mace ta haifa sunana za a sa. Kofi uku na tsamiya take shanyewa kullum. Nakan ƙara mata zobo, tunda a unguwarmu cewa ake jan abu ke ƙara jini.

Wata rana Rebeka ta leƙo. "Lois, miƙo hannunki."

Na ce, "Maman kunu, ki bar mini kwastoma."

"Kwastomarki fatarta kamar bayan ƙadangare. Yaya Godiya, ja a kofi daban, ja a jiki daban."

"A Indiya aka haife ki?"

"A Sunkani, bayan gidan kakarki."

Lois ta yi dariya, ta miƙe, jiri ya kwashe ta. Rebeka ta kai ta asibiti, ta ce kunu ba ya maye gurbin awo. Aka tarar jininta ya yi ƙasa sosai, aka ba ta ƙwayoyi. Daga nan kowace safiya Lois na kan bencin Rebeka, ina kallo. Fatarta ta murje. Ni ce mai yi mata wanki da ɗiban ruwa, amma hirarta duk Mama Rebeka ta ce kaza.

Lois ta haifi mace. Ranar da aka kai jaririyar coci na ɗaura sabon zani, na zauna a gaba. Mijinta Manga ya miƙe ya faɗi suna: Rebeka.

Ni na dafa zobon bikin, jarka huɗu, aka shanye tas. Rebeka ta sha kofi biyu, takwararta a cinya, ta ce in rage tsamin. Har yau ban rage ba.