Furar Roba da Harshena

An daɗe ana raɗe-raɗin wai a Ƙofar Dundaye akwai magidantan da ke shan furar roba a ƙwarya ba su sani ba. Na ce ƙarya ne, harshen da ya shekara arba'in kan damun hannu ba a yi masa wayo.

Jiya Alhaji Bello mai hatsi ya kawo furar sabon kamfanin nan majalisa. Ya jujjuya robar, ya ce, "Wagga hura ce ko maganin tari?"

Na kurɓa, na yatsina fuska, na ce ba ta kama ƙafar ta gidana ba. Har na gayyace su ran Juma'a su sha ta gaske.

Da na ba Hajiya labari, sai ta ajiye ludayi.

"Malam, tun ƙaramar Sallah ita kaka sha. Kafaɗata ta gaji da taɓarya. Robobin da nika zuba yaji, daga sama suka faɗo?"

"To, baƙin Juma'a fa?"

"Ƙwarya na nan. Kai dai sayo roba shida."

Jama'a, in faɗa musu gaskiya, ko in bar ƙwarya ta rufa mini asiri? Don wadda ta tabbatar mini da raɗe-raɗin nan daga ƙarshe, mai ɗakina ce.