Ranar da Na Wanke Tabarmar Inji

Shekarar da aka canza kuɗi, mutane suka riƙa yini a bakin banki rana na dukansu, ita ce shekarar. Damina biyu ke nan da rasuwar maigidana, katangarmu ta gabas da ruwa ya kayar ma ba a kai ga tayar da ita ba. A cikin wannan rani injin ya shigo gidana a Ƙofar Sauri, cikin kwali, jikata ta rungumo shi kamar jariri.

Ni mai ƙunshi ce. Ban yi boko ba, amma tun ana naɗe ƙafa da tsumma nake wannan aiki, har salatif ya zo na koyi manna shi a bayan faranti, in yanka fure da reza, in liƙa wa amarya kafin a sa lalle. Akwai gidan wani Alhaji a Ƙofar 'Yandaka da na yi wa uwar gidan ƙunshin aurenta, na yi wa ɗiyanta mata huɗu, ba su taɓa kiran wata ba. Da hannuna ya fara rawa, ido ya fara hazo, wannan gida nake ji, don saura autarsu, kuma ina so in rufe da ita.

Jikar nan takwarata ce, matar aure mai 'ya'ya biyu, ita ta gaji sana'ar. Ta baje kayan a tsakar gida.

"Inna, ga sabon hannunki."

"Hannuna na nan jikina. Mi yake ci, abin naki?"

"Wuta da leda. Ba ya tsegumi kamar wasu."

Ta nuna mini ledar, nannaɗe, bayanta da gam mai sauƙi wanda ba ya cin fata. Ta nuna mini wuƙar, tsininta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta nuna mini wani tsinke mai lanƙwasa na tsince abin da ba a so cikin zane, da 'yar roba ta goge leda ta kwanta. Sai wani koren abu mai faɗi, mai layi-layi, ta ce tabarmar injin ke nan, a kanta ake shimfiɗa ledar. Ta ce ɗaya ce tak, daga nesa ake aiko da ita. Ta yi bayani mai yawa, ni kuwa ina tankaɗe, ina nuna ban damu ba. Ta taɓa wayarta, injin ya yi kuka, ya fitar da furen da nake ɓata rabin yini a kansa. Na duba da kyau. Babu inda ya kauce. Na ci gaba da tankaɗe.

Jajibirin ƙunshin autar, jikata ta kai ƙaramin ɗanta rigakafi. Ina shara na ga tabarmar a buɗe. Na taɓa, sai ta kama mini yatsa. Danƙo, ga zare, ga gashi ya liƙe. Na ce, a'a, ni da kwanona bai taɓa yini da maiƙo ba, za a ɗauki wannan ƙazanta a shiga da ita gidan mutane da sunana? Na ɗebo toka da soson ƙarfe, na dirje ta ciki da bai, na ɗauraye, na shanya. Ta yi sumul kamar tangaran. Na mayar cikin kwali, ina jiran ta gani ta ji kunya.

Ba ta buɗe ba sai a gidan biki, don amarya ta ce ita za ta zaɓi zanenta a waya, a yanka a gabanta. Tsakar gida cike da mata. Aka jawo wuta, kowa ya miƙo wuya. Injin ya ja ledar, ledar ta zame, ta tattare, wuƙa ta yage ta. Jikata ta sa wata, haka. A ta uku tsinin ya karye, muka ji ƙas. Sai ta shafa tabarmar da tafin hannu, ta ɗago ta dube ni. Sau ɗaya.

Goggon amarya, mai baki ce tun muna 'yan mata, ta tafa hannu.

"Hajiya, halan wannan ne ci gaban da kika kawo mamu? Ko kaji za a yanka wa dusa?"

Mata suka kwashe da dariya. A nan ne ya kamata in ce ni ce. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Yaran zamani ne, sai haƙuri. Na faɗa mata abin da ba ta iya ba ta bar shi a gida."

Jikata ta sunkuyar da kai, ta shiga tattara yagaggun ledoji.

Na ce a ba ni faranti da reza. Na manna salatif, na duƙa. Hannun ya ƙi tsayawa. Furen da nake yi ina hira, ranar sai da na yi shi sau uku, na yanke yatsa na ɓoye cikin zane. Da aka kwance ƙunshin da la'asar, lallen ya kama, ja wur, amma ƙafar dama daban, ta hagu daban, layukan kamar tafiyar tsutsa. Amarya ta shige ɗaki tana kuka. Uwarta ta rako ni har zaure, ta riƙe mini hannu.

"Allah ya ba da lada, Hajiya. Kin yi mana shekaru. Ki huta haka nan."

Na gane. Da jikokin gidan suka tashi aure, wata mata a Kambarawa aka kira.

A cikin kurkura mai ƙafa uku, a hanyar gida, kwalin na kan cinyar jikata, ta ce, "Inna, da mi kika wanke ta?"

"Toka."

"Danƙon shi ne aikinta. Shi ke riƙe ledar."

Na juya ina kallon titi.

"Ba wankin ya dame ni ba," in ji ta. Ta rungume kwalin har muka sauka.

Washegari ta aiko aka ɗauki injin zuwa gidan mijinta. Na ji an ce ta samo wata tabarmar, har amare na layi a wurinta. Ban taɓa zuwa na gani ba, ita ma ba ta ce in zo ba. Sau nawa na shirya maganar a raina, idan ta shigo sai in tambaye ta yara.

Cikin waɗanda suka zauna a tsakar gidan nan, uwar amarya ta rasu a azumin da ya wuce, ban samu na faɗa mata gaskiya ba. Goggon ma ta bi ta bayan babbar salla. Amaryar tana nan, an ce ta haihu. Jikata tana nan, duk Juma'a takan zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta share mini ɗaki, ta tafi kafin magariba. Sai ni.