Silon Motar Baba

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin a koma makaranta, a shekarar da zan shiga aji shida na firamare, maza huɗu suka turo motar Baba har cikin gidanmu a unguwar Bagadaza da ke Gombe. Ƙarshen damina ne, an yi yayyafi da hantsi, ƙasar lungunmu ta yi laushi, tayoyin suka bar dogayen sawu biyu tun daga bakin titi. Ina zaune a ƙofar ɗakin kakata muna ɓarar gyaɗa. Baba yana cikin masu turin, hannu ɗaya a sitiyari ta taga, kafaɗarsa a jikin ƙofa, rigarsa ta manne da bayansa saboda gumi. Masarar da ya ɗauko daga Kumo ba ta cikin motar. An sauke ta a hanya an loda wa wani direban, kuma karo na uku ke nan a wata guda.

Farar a-kori-kura ce, tsohuwa, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma da ita muke ci muke sha. Baba yana ɗauko wa 'yan kasuwa hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa cikin Gombe. Ciwon da ya kama ta mai ban haushi ne, domin in tana gudu lafiyarta ƙalau, ko da kaya za ta hau tudu ba gardama. Amma da zarar ya ɗage ƙafa daga totur, a mahaɗar titi ko a cunkoson bakin kasuwa, sai injin ya shiga haki. Ya ɗaga murya kamar zai tashi sama, ya sauko har madubin gefe ya riƙa karkarwa, ya sake ɗagawa, sannan ya mutu. Wannan numfashin da inji ke yi in mota tana tsaye shi direbobi ke kira silo, kuma a watan nan babu kalmar da aka fi faɗa a gidanmu kamarta. Har ƙanena mai shekara uku, in ya yi tuntuɓe, sai ya ce silonsa ne ya lalace.

Mai gyaran motar Oga Bitrus ne, Batangale daga Kaltungo, abokin Baba tun suna samari. Tsohon hannu ne a kan kafireta, mai ba injin tsofaffin motoci mai, an ce da sukurudireba ɗaya yake saita silo ido rufe. To wannan motar injekta ce, mai fesa mai ta nozul, babu kusar da zai murɗa, kuma abin yana ci masa rai. Ya canza fulogi, ya wanke nozul, ya sa sabuwar matatar mai, ya sauke tanki aka wanke don ana zargin man 'yan bumburutu. Duk lokacin da ya gama wani aikin sai ya tayar da ita ya ja totur har kajin unguwa su watse, ya ce, "Ka ji ta, Malam Buba? Zaki!" Baba ya dawo gida da fara'a, kashegari a sake turo shi. Daga ƙarshe Oga Bitrus ya ce a cire injektar gaba ɗaya a mayar da ita kafireta, Baba ya ce ya ga waɗanda aka yi wa haka, mai suke sha kamar raƙumi, kuma ba su ƙara komawa daidai.

A cikin wannan hali ƙanen Baba, Baffa Sale, ya bugo waya daga Fatakwal cewa ya samo masa tuƙin tanka. Kaka ta ƙarato, 'yan kasuwa sun fara ba wasu direbobi alkawarin kayansu, don babu mai son buhunansa su kwana a titi. Baba ya yanke magana: in Juma'a ta zo motar tana yadda take, zai miƙa ta ga masu sayen tsofaffin motoci, ya bi motar dare zuwa kudu. Na san abin da hakan yake nufi, domin 'ya'yan Baffa Sale sau ɗaya suke ganinsa a shekara, da babbar salla. Gidan ya rasa sukuni. Inna tana suyar ƙuli tana ƙona shi, Baba ya zauna a tabarma ya miƙe, ya zaga motar, ya buɗe bonet ya tsura wa injin ido, ya rufe, ya sake zama. Ni kuwa a makaranta ko carafke aka zauna yi sai duwatsun su riƙa zube mini, malamar lissafi ta kira sunana sau biyu ban ji ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne na san wani abu. Sharar tsakar gida aikina ce kowace safiya, har da ƙarƙashin rumfar da motar ke kwana, jikin ɗakin da Inna ke ajiye buhunan gyaɗarta. Sai na durƙusa nake zura tsintsiya a ƙarƙashinta. Tun farkon watan nake sharo ɓawon gyaɗa daidai saitin injin, inda babu mai zama ya ci gyaɗa, tare da kashin ɓera da wasu 'yan ɓarɓashin baƙar roba masu sawun haƙori. Ina da wani gwangwanin madara da nake tara tarkace, maɓallai da fasassun awarwaro, sai na riƙa jefa su ciki. Sannan in Baba ya tayar da motar da sassafe ya shiga ɗaki shan koko ya bar ta tana ɗumi, ni da nake tsugune a gefen tayar gaba nakan ji wani siririn sauti a ƙarƙashin rugugin, kamar mutum yana jan iska ta tsakanin haƙora. In injin ya sauko sautin ya fito, in ya ɗaga ya ɓace.

Faɗar ce ta gagare ni. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu ana riƙe da kunyar ɗan fari da gaske. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana son ruwa sai ya ce wa iska, "A kawo ruwa," in kawo in ajiye in juya. Ba ƙiyayya ba ce, na san takalmin makarantata shi yake zaɓowa da kansa, amma sai ya ba kakata ta ba ni. Ga shi ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Ta yaya zan tsaya gaban mutumin da manyan makanikai suka kasa wa, in ce na ji motarsa tana tsaki? Litinin na ce sai Talata. Laraba na tsaya a bayansa da gwangwanin a cikin hijabi har ya gama alwala ya wuce. Alhamis na ga Inna ta wanke masa kaya tana ninkewa a jaka.

Da safiyar Juma'a Baba ya tayar da motar don ya kai ta wurin masu saye. Na ruga ɗakin kakata, wadda muke kira Dada, Bafillatanar Dukku mai kaifin baki, na juye mata gwangwanin a kan tabarma, na faɗa mata komai a guje ina haɗiye rabin kalmomin. Ta ɗauki ɓarɓashin roba ɗaya ta kai kusa da ido, ta ce, "Ke bebiyar gidan nan, ashe kina da harshe? Kwana nawa kina zaune a kan wannan kamar kaza a kan ƙwai?" Ta ja ni da hannu har rumfa. Baba ya riga ya zauna a sitiyari yana taka totur don kar ta mutu. Dada ta buga ƙofar da sandarta ta ce, "Buba, ɗage ƙafar nan, ka cika mana kunne. Sauko ka tsuguna inda mai shara take tsugunawa."

Ya sauko don ba ya musu da ita. Ya buɗe bonet, Dada ta daka wa Inna tsawa ta dakatar da daka, aka kama bakin ƙanena. Ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit haka da safe ba. Injin ya ɗaga, ya sauko, sai ga sautin. Na nuna da yatsa can baya inda injin ya kusa jingina da jikin motar. Baba ya zura hannu yana lalube, ya kamo wani siririn tiyo wanda ta sama lafiyarsa ƙalau, ta ƙasa kuwa ɓera ya gaigaye shi. Ya ɗora babban yatsa a kan ramin. Nan take hakin ya tsaya, injin ya kwanta yana tafiya sumul, madubi ya daina karkarwa. Ya ɗage yatsan, haki ya dawo. Ya mayar, ya lafa. Sai da ya yi haka sau huɗu, kansa a sunkuye.

Da robar tsohuwar tayar keke ya ɗaure wurin, ya tafi garejin Oga Bitrus aka sa sabon tiyo. Da yamma Oga Bitrus ya zo da kansa yana dariya, ya ce iska ce injin yake sha ta ɓarauniyar hanya, shi kuwa ina zai ji, ga janareta ga masu bugun ƙarfe, ga shi shi kansa ba ya barin ta ta yi shiru. "Wata guda ɓera yana koya mini aiki!" in ji shi. Baba bai ce mini komai ba. Na dai ji yana gaya wa Dada, da ƙarfin da zan iya ji daga madafa, cewa a ce wa Sale ya ba wani tankar. Inna ta zazzage jakar, aka kwashe buhunan gyaɗa daga jikin rumfa, aka samo kyanwa. Kakar wannan shekarar ta same shi a gida, da wadda ta biyo ta, da duk waɗanda suka biyo baya har na yi aure.

Yanzu ina zaune a unguwar Federal Low-Cost, ina koyarwa, ina da 'yar motata. In ta yi tari, wani matashi ne yake jona mata na'ura, ya duba allo ya gaya mini ciwonta kafin in gama gaisawa da shi. Mijina yana kiran babbar 'yarmu da sunanta, tana hawa kafaɗarsa tana ba shi labarin makaranta, kuma ina jin daɗin hakan har raina. Baba ya tsufa, ya bar tuƙi, in na je Bagadaza har yau ta wajen Inna yake tambayar lafiyata alhali ina zaune a gabansa. Wani lokaci nakan so a sake ba mu wata tsohuwar mota mai ciwo, mu tsaya a kanta ni da shi. Tsayuwar waccan safiyar ce iyakar hirarmu a duniya, kuma ta ishe ni.